Kilo Tara

Bayan isha'i wuta ta ɗauke a Bagalam.
Na shimfiɗa tabarma tsakar gida,
na zube duniyata ƙarƙashin tocila.

Jakar goyo ce, shuɗiya, ta gwanjo,
jaka huɗu na biya a babbar kasuwa
bayan mun ja har ladan ya raba mu da mai rumfa.
Zif ɗin gefe ya zubar da haƙori biyu,
na ɗinke bakin da zaren buhu, ya yi shiru.

Wata uku zan yi, ko huɗu in guzuri ya yi albarka.
Konni, Doso, Gaya, in haye gada,
in gangara har inda ƙasa ta ƙare,
in ga ruwan da ba a hango tsallakensa,
ni da ban san ruwa ba
sai Gulbi in damina ta yi kyau
da tafkin Madarunfa, sau biyu.

Riga uku. A'a, biyu.
Wando biyu, ɗaya yana jikina.
Gidan sauro, caja, asuwaki, allura da zare,
sabulu na tsaga da wuƙa na bar wa gida rabi.
Katin ɗan ƙasa cikin leda, ledar cikin leda,
jandarma ba ya karanta jiƙaƙƙiyar takarda.
Garin rogo tiya guda, ƙuli-ƙuli, sukari.
Kuɗi na raba gida uku:
ƙugu, safa, da kwalin maganin zazzaɓi.
In ɓarawo ya ci gida ɗaya, biyu su maido ni.
Takalmin sallah ya dube ni, na kau da kai.
Littafi na ɗauka, na ajiye, na sāke ɗauka.

Da safe na ɗora ta kan sikelin Lawali mai gyaɗa.
Kilo tara.
Ya ce, "Ɗan akuya ma ya fi ta."
Na dawo ina tafiyar wanda ya gama da duniya.

Sai labari ya zaga unguwa.

Iya Tsahara ta shigo da ƙullin daddawa,
na ɗiyarta da ke Doso, bayan gidan mai.
Nomau tela ya kawo hula biyu da almakashi,
na ƙanensa mai facin taya a Gaya.
Daga gidan Alhaji Ɗan Jimo, kilishi da yaji,
wai jikansu a Faraku ya rame.
Zuwaira ba ta shigo ba,
a zaure ta miƙo min wasiƙa, an liƙe da ƙaro:
"Zangon Kwatano. Hannu da hannu.
Kar ka ce ina lafiya sai ya tambaya."

Kilo goma sha huɗu.
Lawali ya yi dariya har ya riƙe sikeli.

Na jefar da ita gindin turmi, na ce ni ba jaki ba ne.
Inna tana tsince wake, ba ta ɗago ba.
"Nawa ka ware na masauki?"
Na ce ko dala.
"To kowane ƙulli ƙofa ce.
Mai kai saƙo ba ya kwana a tasha,
ba ya cin tuwon saye."

Na zauna.
Na fidda littafi, na fidda rabin gari.
Wando na biyu ya koma kan igiya.
Daddawa a ƙasa, ita za ta fara sauka
amma warinta ba na so ya riga ni gaisuwa.
Wasiƙar na sa tare da katina, cikin leda biyun.

Da asuba mai kabu-kabu yana jira a ƙofa,
kar ɗin Yamai ba ya jiran kowa.
Na ce, "Inna, kafin in kai teku
za ta koma kilo bakwai."
Ta gyara min igiyar kafaɗa, ta ja ta ƙara ja.
"Kar ka cika gurbin da tarkace," ta ce,
"su ma can suna da saƙo."