Makullin Gidan Burodi

Zulai, ga makullan sito, ga littafin.
Shekara ashirin da shida suna hannuna
a wannan gidan burodi na Agege,
tun mahaifinki yana da tanda ɗaya,
ma'aikata huɗu da keken kai kaya.
Yau ku talatin da bakwai ne,
gwiwata kuma ta ce ya isa.
Zauna, kafin motar Gusau ta cika.

Dokar da ke cikin kan maigida kaɗai
sauyin fuska ce kawai,
yau hadari, gobe rana.
Rubuta ta. Manna ta kusa da famfo,
inda kowa ke wanke hannu.
Wanda bai yi boko ba a karanta masa
da Hausa, da Yarabanci, da Turancin kasuwa,
ya ce ya ji, sannan ya dangwala yatsa.

Mai tasowa daga Sango tun kafin kiran salla
ba ɗaya yake da mai kwana a bayan layinmu ba.
Ran da ruwa ya cinye titi,
danfo ya maƙale a Abule Egba,
kar ki yanke wa mutum kuɗi.
Amma wanda ruwa ke duka har da rani,
faɗa masa da baki, ku biyu kaɗai,
na biyu a takarda.
Na uku shi ma ya san sauran.

Albashi ranar ashirin da takwas.
Ba "in an yi ciniki" ba.
Mai gidan haya a Legas bai san kalmar gobe ba,
kuma alkawari kaya ne.

Juma'a Sadisu zai tafi masallaci,
Lahadi Ngozi za ta tafi coci.
Sun daɗe suna riƙe wa juna tanda,
ke dai sa shi a jadawali
don kar ya zama alfarma.
Folake na da wata bakwai;
in ta tafi haihuwa, kujerarta ta jira ta.
Safar hannu ta fi kuɗin asibiti araha,
dubi bayan hannun Tanimu in kina musu.

Ɗan ƙanwar babanki, Mudi,
ya sa hannu a littafin zuwa kamar kowa.
Ran da kika ɗaga masa ƙafa
ido talatin da shida na ƙirgawa.

Saura ɗaya. Matso.
Buɗe shafi na ɗari da sha huɗu.
Shekarar da fulawa ta yi tsada
buhu uku suka ɓace a lissafi.
Rasaki ne mai gadin sito.
Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, yana da zuciya,
ya kore shi a tsakar gida, gaban kowa,
da gari a gashin girarsa.
Ba a tambaye shi komai ba.
Ya ninke rigar aiki, ya ajiye, ya fita.

Bayan kwana tara na sake haɗa lissafi.
Ga shi nan, rubutuna ne:
takwas na sa inda biyar ya kamata.
Na je Mushin nemansa, an ce ya tashi.
Na je Ketu, an ce ba a san shi ba.

Don haka rubuta wannan a saman duka:
ba a kora ranar fushi.
A ji ta bakin mutum, a sa shaida,
a sake ƙirga buhu, a bar dare ya wuce,
ko da mai ƙarar ni ne.

Ƙaramin makullin yana cijewa,
sai kin ɗan ɗaga ƙofar.
A aljihun tebur akwai ambulan da sunansa,
albashin wata guda, daga nawa na cire.
In wani dogo mai tabo a goshi ya zo sayen burodi,
kar ki karɓi kuɗinsa.
Ba shi kujera, ki nuna masa shafin.