Kalma Tara

Mushe Kanta ya cika allo da Ingilishi,
kalma tara, wai duk sunan abu guda ne:
abin da ke sa a waiwaya a sake duban wani.
Na kwafe a kaye, ko ɗaya ba ta zauna ba,
sai da na ratso Kasuwar Dole da yammacin rani.

Yagana mai alkaki na gindin bango.
Ba fara ba, ba doguwa ba,
haƙorin gaba ya gutsure tun wani zamani.
Amma 'yan kabu-kabu na kashe inji gabanta,
dukawa su aje basilla su taso daga Birni,
mai binta bashi ya zauna hira,
ya tashi ya manta abin da ya kawo shi.

Na gwada mata kalmomin
kamar takalman aro.
Kyau? A'a. Kwarjini sunkuyar da kai yake,
ita ko sai ta ɗago maka shi.

Ta ce, "Ɗan lakwal, fuskata allo ce?
Sayi, ko ka matsa, kana tare mini."

Na saya. Zuma ta ɗiga kan kalma ta bakwai.
Ban goge ba.
Ita kaɗai ta kusa yin bayani.