Ramin Bayan Garka

Bazara ta sauka Damagaram,
duwatsu sun gasu har ƙadangare na ɗaga ƙafa.
Ni kuwa ina bin gidaje da buhu,
ina roƙon abin da kowa ya share.

Gaptiya ta ba ni tokar murhu tana dariya:
"Tsahare, juji kika buɗe wa shago?"
Kashin awaki daga garken Mantau,
ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin hatsi,
ganyen shu da ya kwana a Kasuwar Dole.

Leda kaɗai nake tsincewa.
Ita ba ta san mutuwa ba,
shi ya sa ba ta ciyar da kowa.

Ruwa a garin nan, ai kun sani,
jarka guda sai da layin asuba.
Duk da haka na wanke-wankena
ramin nake kai wa.

Kwana sha biyar na tura hannu ciki.
Zafi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi!
Ba wuta, ba hayaƙi,
shi kaɗai yake dahuwa.
Na juya shi, na mai da tsohuwar tabarma.

Wata biyu, wari ya tafi.
Ya yi baƙi, yana marmashi a tafi,
yana ƙanshin ruwan fari
alhali sama ko gajimare babu.

Na ba kuɓewa, na ba yakuwa,
kowane gindi tafi biyu.

Jiya Gaptiya ta aiko jikarta da ƙwarya,
wai a sam mata na miya.
Na cika har baki. Na ce, "Gaya mata
tokarta ce ta dawo gida."