Sabbin Takalman 'Yar Ja

Da ƙafafunta huɗu ta sauka daga jirgin ruwa a Duwala,
waɗanda aka ɗaura mata tun a masana'anta,
a ƙasar da ba wanda ya san akwai wani gari Garwa.
Shekara shida tana taka kwaltarmu da su
har zanensu ya shafe
kamar tafin hannun mai daka.
Ni ban lura ba.
Wa ke duba ƙafar abin da ke ɗauke da shi?

Ranar Lahadi muka taso daga kasuwar Pitowa,
hadari ya haɗo ta bayan dutsen Tingelin.
Inna Dudu na kujerar baya da kwandon busasshen kifi.
Wata akuya ta yanko titi, na taka birki,
'Yar Ja ta ƙi ji,
ta sulɓe mini kamar tarwaɗa a hannun yaro,
sai da ta tsoma hanci a lakar gonar auduga.
Inna ba ta yi ihu ba.
Ta gyara mayafi, ta ce,
"Jakin ubanka ya fi wannan sanin ruwa."

Washegari na je wurin Hamajulde a bayan babbar kasuwa.
Ya durƙusa, ya cusa kwabon dala ashirin a tsagin tayar,
kwabon ya faɗi ƙasa, bai sami inda zai tsaya ba.
Ya nuna mini lamba huɗu a gefenta.
"Mako da shekara ke nan.
Taya ma tana da ranar haihuwa,
taka kuwa ta isa ta yi jika."

Ya fara mirgino mini 'yan gwanjo,
na ga ƙananan tsagu a jikinsu irin na faso,
na girgiza kai.
Sai ya shiga ciki ya fito da wata, baƙa wuluk,
tana warin roba sabuwa,
da 'yan gasu tsaye a bayanta.
"Wannan ta kowane lokaci ce, in ji masu yi."
Na ce, lokaci nawa gare su?
Ya ce huɗu, har da na ƙanƙara.
Na ce mu namu biyu ne masu cin taya:
ranar Afrilu da ke narka kwalta,
da ruwan Agusta da ke mayar da hanya mayo.
Ya ce ai ga kwatar da ruwan zai bi,
ya ja yatsa a cikin tsagin.

Jaka talatin da takwas kowace ɗaya.
Muka ja, muka sha shayi, muka sake ja,
ya sauko biyu, ya rantse da kabarin kakansa.
Kuɗin fentin ɗaki ne suka tafi.
Ɗakin zai jira, bango ba ya tafiya Marwa.

Yaronsa Sali ya ɗaga ta a jak,
ya kwance, ya ɗaura, ya manna ɗan dalma a baki
don kada sitiyari ya riƙa rawar sanyi.

Da yamma ruwa ya sake saukowa.
Na hau gadar Binuwai a hankali,
na taɓa birki, ta tsaya inda na ce.
Har kukanta ya canja, ya koma ƙasa-ƙasa,
kamar mutumin da ya biya bashi.

Tsoffin ba su mutu ba.
Ɗaya ta tafi wurin baduku, za ta zama takalma.
Ɗaya an raba ta biyu, agwagin Inna na sha a ciki.
Biyu yaran unguwa suka kora da sanda,
suna gudu da su fiye da yadda na taɓa yi.

Inna Dudu ta sake shiga ranar Lahadi.
Ta zagaya motar, ta doki taya da sandarta,
ta ce, "To."
Har yanzu dai tana riƙe da marfin ƙofa.