Abin da Gara Ta Bari

Shekara huɗu ke nan, ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci,
na sai da keken ɗinkina na biyu,
na ƙirga jika sittin a tafin Alhaji Almu.
Ya ce: "Tela, wannan kosiyon ne, ba haya ba.
Kuɗinka ne suka zo baƙunta wurina.
Ran da ka bar mini ɗaki lafiya, ku fita tare."
Ya yago takarda daga kayen jikansa,
aka rubuta, ya dangwala babban yatsa.

Bana da damina Alhaji ya koma.
Aka share makoki, aka raba gado,
ɗakunan Garkawa suka faɗo wa Hamidin,
wanda ya sauko daga Abijan
da jakar hannu da biro uku a aljihun gaba.

Ya zo bayan la'asar, ina tsaka da wuyan riga.
"Sabon kwantara," in ji shi, "sabon kosiyon."
Na ɗaga ƙafa daga keke.
Na ce, yaushe na fita, balle in shigo?
Ƙofar nan ita ce ta jiya,
ko kukanta bai sake ba.
Mabuɗin da ke wuyan Habsu
shi ne dai wanda mahaifinka ya miƙo.

Bai amsa ba. Ya shiga zagayen ɗaki,
yana ƙirga ramukan ƙusa kamar mai ƙirga awaki.
Ya tsaya kan zanen gawayi a bango,
inda muke auna tsayin Zulai kowace salla.
Wannan ma ɓarna ce, ya rubuta.
Bai ɗaga kai ya ga kwanon da na liƙe ba,
bai tambayi fanfo wa ya sa masa sabon kai ba.
Birosa na ganin rami,
ba ya ganin faci.

Daren nan muka kwance ɗaki.
Gwangwanin maɓallai, ƙasan katifa,
tsakanin katin rigakafi da takardun wuta.
Sai gab da kiran farko
Habsu ta zaro ta daga bayan akwati.
Gara ta riga mu karantawa.
Ta cinye kwanan wata, ta cinye sunana,
ta cinye jika, ta bar sittin tsirara.
Sittin ɗin me? Dala? Allura?
Can ƙasa, yatsan mamaci kaɗai
bakinta bai kai ba.

Da safe na kai wa Inna Kuluwa ragowar.
Ba ta san baƙi ba, boko ko ajami.
Ta kai takardar bakin zaure inda haske yake,
ta daɗe.
Sannan ta aza farce kan wani farin layi
da ya ratsa tawadar biyu.
"Lauje ne," ta ce. "A gonar Kalfu ya yanke shi,
shekarar da na haifi wannan mai biron."

Ta juya ga ɗanta, ba ta ɗaga murya ba:
"Ajiya ba ta shiga gado, Hamidin.
Abin da ubanka ya riƙe wa wani,
riƙon ka gada, ba kuɗin ba.
Kada ka sa a tashe shi kan jika sittin."

Tsakar gida ta yi tsit, sai tattabaru.
Ya zaro biro ɗaya, ya soke layin.
Ya zaro na biyu, ya ƙara jika biyu kan haya,
don kada a ce ya koma hannu wofi.
Na ce na ji, amma da na ukun
rubuta mini: kosiyon tela na nan, bai mutu ba,
sittin, da jikarsa a gaba.

Na kai an buga mini kwafi uku bakin tasha.
Ɗaya na wurin limami, ɗaya wurin Inna.
Ta ukun na naɗe cikin kwalba mai murfi,
na aza kan taga,
inda gara za ta riƙa wucewa
tana kallo.