Littafin Bashin Arzika Kafinta

A Bunza ba mu da ofishin da ke rubuta iska.
Muna da littafin bashin babana,
Arzika kafinta, mai fensir a bayan kunne.

Shafin farko, shekarar da aka haife ni:
"Nomau mai goro, kwano bandir ɗaya, ƙusa kilo biyu."
Bai rubuta yadda hadarin ya taso daga gabas ba,
baƙi ƙirin, da jan baki kamar garwashi,
ya iske mata na shanyar shinkafa.
Inna ce ta ƙara mini wannan,
ta ce a Zogirma aka tsinto tabarmarta.
Ba mu yarda ba. Ba ta damu ba.

A shafi na tara rubutun ya karkace.
Shekarar ƙanƙara ke nan,
wadda ta sauka ana kiran la'asar,
ta mai da kwano rariya,
ta kwantar da gero yana da ciki,
ta kashe wa Tumba zabi goma sha ɗaya.
Sunaye ashirin da uku a jere,
bakwai kaɗai aka soke.
Na tambaye shi sauran.
Ya ce, "Wanda iska ta yi wa aski
ba a bin sa kuɗin wanzami."

Akwai guguwar da ba ta da shafi.
Ita ta murɗe giginyar bakin kasuwa
kamar mai matse wanki,
ta yaye rufin ajinmu, ta bar mana allo
da lissafin da malam bai ƙarasa ba,
ta kife kwalekwalen Gado a tsakiyar gulbi.
Gado ne ke riƙe wa babana tsani.
Makon nan ya rufe gida goma sha huɗu,
bai buɗe baki ba, bai buɗe littafi ba.

Tsofaffi sun ce da can iska na da kunya.
Sai ta tsaya gaida maɗaci da ɗorawa a bayan gari,
kafin ta shigo ta gaji.
Mun sare su, an yi gawayi, an yi benci,
wasu ma a shagonmu aka ƙera.
Yanzu kai tsaye take zuwa, ba sallama.

Bana ni ne a kan tsani.
Gudumar tasa ce, hannun ne ba nasa ba.
Jiya da magariba gabas ta haɗe rai,
awaki suka shigo da kansu.
Matata na kife tukwane tana ƙwala wa yara kira,
ni kuwa, Allah Ya yafe mini,
ina ƙirga bandir nawa ya rage a shago.

Da safe ɗan Nomau ya yi sallama,
hula a hannu, laka har gwiwa.
Na buɗe littafin ina neman farin shafi.
Sunan ubansa na nan a farko, ba a soke ba.
Na lashi bakin fensir.