Nono Uku

Da asuba a Ikorodu, kafin danfo ta fara kuka,
na durƙusa gindin Kyalla da bokitina.
Ta kawo mini harbi.
Shekara huɗu ina tatsar ta, ba ta taɓa ɗaga mini kofato ba.
Na shafa hantsar: zafi kamar murfin tukunya,
gefe ɗaya ya sandare kamar ɗanyar gwanda.
Abin da ya zubo ba madara ba ne,
gudaji ne, ruwan ɗorawa, da zaren jini.

Na san hanyar kemis fiye da hanyar gidan kawuna.
Kwalba mai jan murfi, kwalba mai shuɗi,
wadda ta yi aiki bara, wadda ta yi aiki bara waccan.
Na soka, na jira. Na sake sokawa.
Ciwon ya zauna daram
kamar ɗan haya da ya biya shekara biyu.

Iya Risikatu mai awara ta leƙa bokiti,
ta ɗaure bakin zanenta ta wuce.

Likita Morenike ta zo cikin ruwan sama,
takalmin roba har gwiwa,
ta ɗebi digon a ƙaramar kwalba ta tafi.
Ran Laraba ta dawo da takarda.
Ta ce, Haladu, ƙwayar nan ta yi sauka.
Kowace allura da ka yi ka bari a rabi
darasi ce ka biya mata.
Kai ne malaminta.

Na sunkuyar da kai.
Kwana biyar ake cewa, ni kwana biyu nake yi,
da kumburi ya saɓe sai in ɓoye sauran don gobe.

Ta ce ajiye sirinji.
Tatse ta sau shida, ko tana kuka, ko kana kuka,
ka zubar a rami, kada maraƙi ya lasa.
Tsumma ɗaya, saniya ɗaya.
Mai ciwo ita ce ƙarshen layi.
Ta dubi ƙasan garken, caɓi har idon sawu,
ta ce, a nan ciwon yake kwana.

Na kira Goggo Hurera a Gwaram.
Ta ce, yaro, kabar giwa, gangamau, ɗan farar ƙasa,
kirɓa, ka dama, ka shafe hantsar har ta yi ja.
Na faɗa wa likita ina jiran tsawa.
Ta ce shafa, amma ka rubuta mini abin da ka gani,
ranar da ta daina cin ciyawa kuma, kira ni ko tsakar dare ne.

Tana wanke hannu ta ba ni wani labari:
wai akwai wasu halittu, sun fi ƙwayar cuta ƙanƙanta,
abincinsu ita ce,
masu bincike na farautar su cikin ruwan kwata.
Na yi dariya har na riƙe turke.
Kwatar Legas da nake tsallakewa ina toshe hanci,
ashe da ma'aikata a ciki.
Ta ce ba su iso garkenka ba tukuna,
kafin su iso, ɗauki shebur.

Na kwashe caɓi. Na zuba dusar katako daga Oko-Baba.
Na yanke farce.
Tafin hannuna ya rine da gangamau,
yara suna tambaya ko lalle na sa.

Kwana goma sha tara.
Uku sun dawo, fari tas, da kumfa.
Na huɗun ya ƙafe,
ya rataye kamar yatsan safar hannu.

Yanzu in na zauna tatsa,
hannuna kan kai gare shi da mantuwa,
sai Kyalla ta waiwayo ta dube ni.
Ba ta harbi.
Ni ma ba na cewa komai.